Filin Kiɗa Da Makaɗa: Farce Ko Yatsa, Wanne Ya Dace Da Jitar Bes Mai Ƙarin Tsirkiya?

A makon nan wasiƙar wani saurayi ce ta tsayar da mu, wanda ya rubuto daga Legas, inda yake kaɗa jitar bes a wata ƙungiyar makaɗa da ake gayyata wuraren biki. Ya ce shekara shida ke nan yana kaɗa bes mai tsirkiya huɗu da ɗan abin nan da makaɗa ke kira fik, wato farcen roba, ba wanda ya taɓa kuka da shi. To, sai ya yi tari na fiye da shekara guda ya sayi mai tsirkiya biyar. Wasa biyu kacal suka yi da ita, shugaban ƙungiyar ya kira shi gefe ya ce amonsa ya dagule, sai gunji kawai ake ji, ba a rarrabe wannan murya da waccan. Ya ce masa ya jefar da farcen nan domin kayan 'yan koyo ne, kuma idan bai gyara ba kafin bukukuwan ƙarshen shekara za a nemi wani. Shi ne yake tambaya: shin ya koma kaɗawa da yatsu, ko kuwa ya sayar da sabuwar jitar ya koma gidan jiya?

Ɗan'uwa, tun da abincinka ne a kan wannan magana, ba za mu amsa maka da gaggawa ba. Kafin a ce farce ko yatsa, wajibi ne a fara sanin wace irin jita ake magana a kai, domin abin da ake kira "ƙarin tsirkiya" iri biyu ne, kuma hukuncin wannan bai hau kan wancan ba.

Iri na farko shi ne wanda aka ƙara wa tsirkiya don a faɗaɗa muryoyinsa. Bes ɗin da kowa ya sani, irin wanda kamfanin Fender na Amurka ya fitar a 1951, tsirkiya huɗu gare shi, ana ɗaure su a kan muryoyin E, A, D da G. Mai biyar akasari ana ƙara masa tsirkiyar B, wadda ta fi dukansu kauri da zurfin murya. Mai shida kuwa ana ƙara masa B a ƙasa da kuma C siririya a sama. Iri na biyu shi ne wanda aka yi wa tsirkiyoyinsa 'yan rakiya, wato mai takwas da mai goma sha biyu. A nan muryoyin na nan huɗu yadda suke, sai dai kowace babbar tsirkiya an jera mata siririya ɗaya ko biyu a gefenta, masu maimaita muryarta a sama, a danne su tare, a kaɗa su tare. Mai wasiƙarmu iri na farko gare shi, amma za mu taɓo na biyun saboda sauran masu karatu.

Mu fara da batun cewa farce kayan 'yan koyo ne. Wannan magana ta daɗe tana yawo a tsakanin makaɗa, amma tarihi bai goyi bayanta ba. Gaskiya ne James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin fayafayan kamfanin Motown a birnin Detroit, da yatsa ɗaya tak yake kaɗawa, har aka yi wa yatsan laƙabi da ƙugiya. Amma a daidai wannan zamani, cikin shekarun 1960, Carol Kaye tana can Los Angeles tana kaɗa dubban waƙoƙi a ɗakunan ɗaukar murya, kuma da farce take yi. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles da Chris Squire na ƙungiyar Yes duk an san su da farce. Hasali ma bes ɗin farko na Fender an liƙa masa ɗan katako a ƙarƙashin tsirkiyoyi don mutum ya ɗora yatsunsa ya kaɗa da babban yatsa, wanda ke nuna cewa ko masu ƙirar ba su yanke cewa ga hanya ɗaya tilo ba. Mu ma a nan gida, mai garaya da ɗan guntun busasshiyar fata yake kaɗa ta, kuma ba mu taɓa jin an ce ɗan koyo ne saboda haka ba.

Abin da zai fi ba shugaban ƙungiyarka mamaki shi ne labarin Anthony Jackson, mutumin New York, wanda ya rasu a 2025. Shi ne ya matsa wa maƙera lamba har aka ƙera bes mai tsirkiya shida irin ta yau, wadda ake ɗaurewa B, E, A, D, G, C. Wani maƙeri mai suna Carl Thompson ne ya ƙera masa ta farko a 1975. To, wannan Jackson ɗin dai shi ne ya kaɗa bes ɗin da ya buɗe waƙar ƙungiyar O'Jays mai suna For the Love of Money a 1973, da farce ya kaɗa shi, kuma kiɗan ya yi tasirin da har aka sa sunansa cikin mawallafan waƙar. Bai bar farce ba bayan ya koma mai shida, yana ɗauka yana ajiyewa gwargwadon abin da waƙa ta nema. Haka kuma Steve Swallow, gwanin kiɗan jaz, mai tsirkiya biyar yake kaɗawa, ta biyar ɗin siririyar C ce, kuma da farcen jan ƙarfe yake yi. A ɗaya ɓangaren ga John Patitucci mai tsirkiya shida, ga Richard Bona ɗan Kamaru mai biyar, da yatsu suka yi suna. Ashe dai kowane ɓangare yana da gwanayensa.

To, in haka ne, me ya sa amon mai wasiƙarmu ya dagule? A nan ne maganar take da nauyi, sai a biyo mu a hankali.

Tsirkiyar E ta bes tana girgiza kamar sau 41 a cikin daƙiƙa ɗaya. Tsirkiyar B kuwa kamar sau 31 take yi, wanda ya kusa iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke iya ji a matsayin murya. Akasarin ƙananan lasifikoki ba su iya fitar da wannan zurfi sosai. Abin da ke sa mu gane muryar shi ne 'yan ƙananan amo da ke tafiya tare da ita a sama, masu girgiza ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu da sauransu. Kunne yana tattara waɗannan ya gane uwar muryar ko da bai ji ta da kyau ba. Farce abu ne mai tauri da siririn baki, yana sakin tsirkiya farat ɗaya, saboda haka yana tayar da waɗannan ƙananan amo da yawa, kuma yana ba kowace murya kaifi a farkonta. Tsokar yatsa kuwa tana da laushi da faɗi, tana sakin tsirkiya a hankali, sai amon ya fito da kauri da taushi amma ba kaifi sosai. Ke nan idan rarrabewa ake nema a kan tsirkiyar B, farce taimako yake yi. Makaɗan birnin Nashville sun san wannan tun ƙarshen shekarun 1950, lokacin da suke ɗora bes mai tsirkiya shida na kamfanin Danelectro, ana kaɗa shi da farce, a kan babban bes na katako, don kawai a sami wannan kaifi a faifai.

Saboda haka muna kyautata zaton laifin ba na farce ba ne, na tsirkiyoyin da ba a kashe ba ne. Ga yadda abin yake. Idan ka kaɗa wata murya a bes, girgizarta tana bi ta jikin katako da ta jakin da tsirkiyoyi ke hawa, sai ta tayar da duk wata tsirkiya da aka bari sake wadda ke da dangantaka da muryar. Kaɗa E ko B a sama, ka saki hannu, ka kasa kunne, za ka ji babbar B tana gurnani ita kaɗai ba wanda ya taɓa ta. A mai tsirkiya huɗu, tsirkiya uku kake tsaro yayin da kake kaɗa ɗaya, kuma hannunka ya saba da wannan cikin shekara shida har ba ka san kana yi ba. A mai biyar sun zama huɗu, a mai shida sun zama biyar, kuma sabuwar da aka ƙaro ita ce mafi nauyi, mafi daɗewa tana girgiza. Kai da ke tsaye kusa da ganguna ba lalle ka ji ta ba, amma manyan lasifikokin filin biki suna ɗaukar ta su watsa wa jama'a. Wannan shi ne gunjin da shugabanka ya ji. Ya ji ciwon daidai, sai dai ya kuskure sunan cutar.

Yanzu sai mu duba yadda kowace hanya ke maganin wannan. Mai kaɗawa da yatsu yana da gata biyu. Na ɗaya, idan ya ja tsirkiya da manuni ko ɗan tsakiya, yatsan yana sauka a kan tsirkiyar da ke bi mata a kauri, ya kashe ta ba da wani ƙoƙari ba. Na biyu, babban yatsansa yana sake. Masu tsirkiya huɗu sun saba kafa shi wuri ɗaya, amma masu biyar da shida sun koyi barinsa ya kwanta a kan tsirkiyoyi masu kauri, yana bin hannu duk inda ya tafi, yadda duk tsirkiyar da ke bayan wadda ake kaɗawa tana ƙarƙashinsa. Wannan dabara ce ta sa akasarin masu bes mai shida suka fi karkata ga yatsu. Daɗin daɗawa, idan kiɗa ya bukaci tsallake tsirkiya, kamar yadda ake yawan yi a kiɗan rawa inda ake buga murya a ƙasa a maimaita ta a sama, yatsu biyu suna raba aikin a tsakaninsu, alhali farce ɗaya ne, dole ya yi tafiyar da kansa ya dawo.

Mai farce kuwa babban yatsansa da manuninsa suna riƙe da farcen, saboda haka sai ya nemi masu tsaro a wani wuri. Na farko shi ne gefen tafin hannunsa na dama, wanda zai kwanta a kan tsirkiyoyi masu kauri kusa da jaki, yana zamewa ƙasa idan aka koma kan sirara. Na biyu shi ne hannun hagu: yatsun da ba su danna komai ba su kwanta a kan tsirkiyoyin da suka fi wadda ake kaɗawa siranta, kan manuni kuma ya riƙa ɗan taɓa ta kusa da shi mai kauri. Akwai kuma tsohuwar dabara ta cusa ɗan soso a ƙarƙashin tsirkiyoyi dab da jaki don ya rage tsawon girgiza. Bes ɗin Jamerson yana da irin wannan soso, Carol Kaye ma ta yi amfani da abin rage amo. Ba abin kunya ba ne, kuma kuɗinsa bai kai na kwalbar lemo ba.

Abu na gaba da za a duba shi ne tazarar da ke tsakanin tsirkiyoyi. A bes mai huɗu irin na Fender tazarar takan kai milimita 19 a wajen jaki. Da yawa daga masu biyar da shida an matse su zuwa 18, ko 17, ko ma 16 da rabi, don kada wuyan jitar ya yi faɗin da hannu ba zai kewaye ba. Matsattsiyar tazara tana yi wa farce daɗi, domin tafiyarsa ta ragu, amma tana takura mai manyan yatsu, musamman mai bugun tsirkiya da babban yatsa irin salon da Larry Graham ya shahara da shi. Faffaɗar tazara kuwa akasin haka take. Jackson kansa bai gamsu da bes ɗinsa na farko ba saboda tsirkiyoyin sun matsu, ya ci gaba da neman mai faɗi a wurin wasu maƙeran. Shi kuwa Fender Bass VI, wanda ya fito a 1961, tsirkiyoyinsa shida a matse suke kamar na jita, shi ya sa akasari da farce ake kaɗa shi, kuma shi ne John Lennon da George Harrison kan ɗauka idan McCartney ya koma kan piyano. Don haka, ɗan'uwa, ɗauko abin awo ka auna taka, ita ma tana da bakin magana a wannan shari'a.

Kada kuma a manta da ita tsirkiyar B kanta. Kaurinta yakan kai tsakanin 0.125 zuwa 0.135 na inci, kuma a jitar da tsawonta daga jaki zuwa ƙarshen wuya inci 34 ne, takan yi ɗan sanyi a hannu, shi ya sa wasu maƙera ke ƙara tsawon zuwa inci 35. Tsirkiya mai sanyi ba ta son duka. Idan ka narka mata farce da ƙarfin da kake narka wa E, za ta daki ƙarafan wuya ta yi ƙara, kuma muryarta za ta ɗan haura a farko kafin ta dawo daidai. Maganin shi ne ka matsa kusa da jaki inda ta fi tauri, ka rage ƙarfin hannu, ka bar amfilifaya ta yi aikinta. Farce mai laushi irin na masu jita yana lanƙwashewa kafin ya motsa ta, saboda haka nemi mai kaurin milimita ɗaya ko fiye. Idan kuwa taushi ake so ba tare da an ajiye farce ba, akwai wanda ake yi da matsattsen ulu, amonsa ya kusa na yatsa.

Game da iri na biyu, wato mai takwas da mai goma sha biyu, maganar ba ta da tsawo. Kamfanin Hagström na ƙasar Suwidin ya fitar da mai takwas a 1967, kamfanin Hamer kuma ya ƙera wa Tom Petersson na ƙungiyar Cheap Trick mai goma sha biyu a 1978. Amfanin irin wannan jita shi ne a ji babba da 'yan rakiyarta sun tashi tare. Farce yana ratsa su biyu ko uku a bugu ɗaya, yatsa kuwa sau da yawa yakan kama ɗaya ya kuskure sauran, sai a yi asarar abin da aka saya da tsada. John Paul Jones na Led Zeppelin, wanda ya iya yatsu ƙwarai, da farce ya kaɗa mai takwas a waƙar Achilles Last Stand ta 1976. Wanda ya nace sai yatsu, to ya duba jerin tsirkiyoyin kafin ya saya, domin farce daga sama yake sauka, yatsa kuwa daga ƙasa yake jawowa, kuma maƙera suna jera su iri biyu: wasu siririya a sama, wasu babba a sama. Wadda hannu ya fara tararwa ita ce za ta fi fitowa.

To, ga shawararmu ga mai wasiƙa. Kada ka sayar da jitarka, kuma kada ka jefar da farcenka. Tun da lokaci ya ƙure maka, fara da abin da hannunka ya riga ya sani. Ka ware rabin sa'a kowace rana na mako biyu, ka ƙara amfilifaya fiye da yadda ka saba, ka kaɗa waƙoƙin ƙungiyarku a hankali ƙwarai, ba abin da kake saurare sai shirun da ke tsakanin murya da murya. Duk inda ka ji gurnani, tsaya ka nemo tsirkiyar da ta kuɓuce, ka ga wane yatsa ko wane gefen hannu ya kamata ya tsare ta. A ranakun farko ma kana iya ɗaukar B a matsayin wurin hutawar hannu kawai, ka kaɗa sauran huɗun yadda ka saba, sannan ka riƙa shigo da ita a inda waƙa ta nemi zurfi.

Bayan wannan sai ka shiga koyon yatsu, domin shugabanka yana da tasa gaskiyar. Kiɗan rawa irin na biki, inda bes ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da babbar ganga, sau da yawa ya fi son amo mai kauri da taushi, kuma makaɗin da ke da hanya biyu ya fi mai hanya ɗaya samun kira. Ka sa ran yatsunka za su yi bororo kafin su yi kanta, kada ka matsa musu. Idan ka ji zafi a wuyan hannun hagu saboda faɗin wuyan jitar, ka ɗaga kanta sama kaɗan, ka gyara tsawon maratayinta, ka huta. Ciwon da aka yi wa taurin kai yakan raba makaɗi da sana'arsa.

Daga nan sai ka je wa shugaban naka da ladabi, ka roƙe shi a yi gwaji a wurin atisaye. A kaɗa waƙa ɗaya sau biyu, sau ɗaya da farce, sau ɗaya da yatsu, a ajiye waya a can ƙarshen ɗaki ta ɗauka, sannan ku saurara tare ba tare da an faɗa masa wanne ne wanne ba. An ce gani ya kori ji, amma a sana'ar kiɗa ji ne ke korar gani. Abin da ya fi zama daidai da ganga da muryar mawaƙi shi za a bi a wannan waƙar, wata waƙar kuma a sake gwadawa, domin in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Mai biki da baƙinsa ba za su tambayi abin da ke hannunka ba, abin da ya isa kunnensu kawai za su biya.

Muna fatan za ka sake rubuto mana bayan bukukuwan ka gaya mana yadda kuka ƙare. Sauran makaɗa masu irin wannan jita su ma ƙofa a buɗe take, su aiko da abin da suka gani a aikace don 'yan baya su amfana.